Rami na Shida

Motar ma'aikatan kamfanin bulo ta faɗa ƙarƙashin gada da mutum shida a ciki, ba wanda ya fita da rai. Auta ne ke tuƙi. Barci ya ɗauke shi.

Kamfanin ya ce zai dasa bishiya a farfajiya don tunawa da kowane mamaci. Aka haƙa rami biyar.

Yaya, babbar yayar Auta, ta shigo ofis da dashen mangwaro a cikin bokitin fenti. Ta dire shi a teburin manaja, ƙasa ta zube a kan takardu. Manajan kawunsu ne, ƙanin mahaifiyarsu. Ƙarama, mai bi wa Yaya, tana zaune a nata teburin kusa da ƙofa, inda take raba wa direbobi aiki.

"Kawu, masu haƙa raminka ba su iya ƙirga ba ne?"

"Sun iya. Ni na ce biyar."

"Ɗan 'yar'uwarka ne fa."

"A hannuna ya koyi tuƙi, ba sai kin tuna min ba. Matan mutanen nan ta wannan ƙofar suke shigowa. In ce musu me? Ga ta mijinki, ga ta wanda ya kashe shi, ruwa ɗaya muke ba su?"

"To da hannuna zan haƙa. Ka sa maigadi ya kama ni."

"Ki haƙa, in sa a tumɓuke."

Ƙarama ta sunkuyar da kai. Ita ta sa Auta a motar safiyar ranar haɗarin, bayan ya kwana a hanya da lodin siminti. Direban motar bai zo ba, Auta ya ce zai iya, ita kuma ta ji nauyin kiran Kawu a waya. Kawu ya san haka. Da masu bincike suka zo, ya aike ta ta haɗo musu shayi, ya ce musu yaron da kansa ya ɗauki makulli. Yaya ba ta sani ba. Idan rigimar bishiyar nan ta yi tsawo, sai an koma tambayar yadda aka yi, kuma Yaya ba ta iya tambaya ta tsaya a rabi ba.

"Filin da ke bayan katanga ba na kamfani ba ne," in ji Ƙarama. "Kuma tiyon ruwan maigadi yana kaiwa can."

Yaya ta juyo. "Bayan katanga? Ɓarawo ne shi?"

"Yaya, a ciki za a cire ta. A waje ba mai ikon taɓa ta."

Kawu ya daɗe yana kallon Ƙarama. "Ba za a rubuta suna a jiki ba."

"Ba na buƙatar allonka," in ji Yaya. "Amma mutanen da suka haƙa biyar ɗin su za su haƙa wannan. Da rana tsaka, kowa na gani."

"Su haƙa. Ni dai ba zan fito ba."

"Da ma wa ya gayyace ka?"

Ƙasar bayan katangar duk tsakuwa ce da fasassun bulo, sai da leburori suka koma suka ɗauko diga. Motocin yashi na wucewa suna bule su da ƙura. Yaya ta durƙusa ta zare dashen daga bokiti, ta sa a ramin, tana tura ƙasa da tafin hannu. Ba ta yi kuka ba.

"Duk ofishin nan ke kaɗai kika tsaya masa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ba zan manta miki ba."

Ƙarama ta buɗe baki. Ta saman katanga tana hango Kawu tsaye a tagar bene, hannayensa a baya.

"Yaya."

"Na'am?"

"Ya karkace. Ɗan turo shi ta nan."