Binnen Attahir

A shekarar 1965, lokacin da ake fama da masu tsallako iyaka da bindigogi, Attahir na Gangara yana cikin sojojin da aka kai gadi can kudu. Damina biyu bai ga gida ba.

Zaman nasu, in gaya muku, ba daɗi. Gari na wayewa a busa ƙaho, a yi sahu, a goge bindiga, a fita sintiri cikin ƙaya har takalmi ya cinye ƙafa. Da rana shinkafa da kifin gwangwani. Shi kuwa ɗan Damargu ne, gero ya sani. In ya zauna ci sai ya ce, "Yanzu haka Raishatu ta gama dama fura." Matarsa ke nan. Da ciki ya baro ta, ga ɗiyar har ta fara tafiya bai ganta ba.

"Kai, ka ishe mu da Raishatun nan!" in ji Mailafiya, abokin gadinsa, ɗan Damagaram. "Ko ita kaɗai ta iya riƙe ludayi?"

Ana haka wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kawo saƙon innarsa Hawwa. Gonar mahaifinsa ta yi shekara biyu ba shuka, kuma Maigari ya ce in bana ma ta kwana, zai ba Barmo maƙwabcinsu, mai bakuna da yawa.

Attahir ya tsaya gaban sarzan, babbansu a wurin gadi, ya ƙame, ya roƙi hutu. Kwana biyar aka ba shi. Biyu zuwa, biyu komowa.

Ya iso, sama fes, ko alamar hadari babu. Ya ɗauki ɗiyarsa, ta tsala ihu don ba ta san shi ba. Ya yi dariya, idonsa ya cika da ƙwalla, ya miƙa ta ga uwarta, ya juya wajen Hawwa ya ce, "Inna, ina irin?"

"Ɗan nan, wane iri? Ɗigo ɗaya bai sauka ba."

"Binne zan yi."

Binne kuwa shuka ce cikin busasshiyar ƙasa, a bar iri ya jira ruwa. In ruwan kirki ya zo, ka riga kowa. In yayyafi ne, ya tsira ya ƙone, shi ke nan. Kuma irin nasu ƙwarya uku ne kacal.

Washegari ya saɓa sungumi, da wandon soja da komai. Yana sara, Raishatu da goyo tana bin sa tana zuba iri tana rufewa da diddige. Barmo ya leƙo ta kan iyakar gona.

"Soja, ɓeraye kake ciyarwa?"

"Baba Barmo, in sun ci sai su yi maka godiya, ai maƙwabtanka ne."

Har rana ta faɗi bai zauna ba sai don salla. Tafin hannunsa duk ya kumbura ya fashe. Da safe ya bi kamiyo ya koma bakin aiki.

Kwana tara ana kallon gabas. Ran na goma aka sheƙa ruwa har tabki ya kawo. Kafin sauran mutane su gama shuka, gonar Attahir ta yi kore shar. Maigari ya zo da sandarsa, ya zaga ta, ya dubi Barmo.

"To, ka gani da idonka. Mai ita ya shuka."

Barmo ya daɗe yana kallon layukan, a miƙe kamar an ja igiya. "Yaron nan ya iya sara," ya ce. "Ran Laraba ni da ƴaƴana za mu yi mata noman fari. Amma Hawwa ta dama fura da yawa, ba ma aiki da yunwa."