Bishiyoyi Biyar a Tashar Sekparu

Dokar itatuwa ta garinmu Sekparu, yayata Bona ce ta haife ta. Ba ta yi boko mai nisa ba. Cuku take soyawa a bakin kasuwa, ni kuma ina ɗinki a shagon da ke bayanta. Bakinta ne ya sa matan kasuwa suka tura ta majalisar gari ta wakilce su. Shekarar da aka sare itatuwan maɗaci bakwai na hanyar kasuwa cikin mako guda don a ƙara shaguna, rana ta dinga dafa mu kamar doya a tukunya, Bona ta hana majalisa sakat sai da aka rubuta doka.

Dokar ba ta da tsawo. Ba mai sare bishiyar da kaurinta ya kai cinyar babban mutum, ko a tsakar gidansa take, sai da takardar izini. Wanda ya sare ɗaya zai dasa biyar a inda gari ya nuna masa, kuma ba a sallame shi sai biyar ɗin sun ga rani biyu da ransu. In suka mutu, mai shela zai faɗi sunansa ranar kasuwa, ya koma ya sake daga farko.

Wanda dokar ta fi ƙona wa rai shi ne Sabi, ƙanen marigayi mijinta Woru. Sabi da zarton inji yake ci. Kafin dokar, kullum yana kan wata bishiya. Bayanta kuwa sai ya yi mako bai tayar da injin ba. Da yake tsakaninsa da Bona akwai wasan ƙanen miji, a wasa yake amayar da haushinsa. In ya zo wucewa sai ya ce, "Matar yaya, a ba ni cuku ɗaya, tunda kin hana ni cin abinci." Ita kuma ta ce, "Je ka ci garin katako, malalacin miji."

Shekara uku da kafa dokar, mangwaron gidan Bona ya kamu. Woru ne ya dasa shi shekarar da aka kawo ta gidan. Daga waje lafiya lau, amma gara ta cinye cikinsa. Wata iskar farkon damina ta karya babban reshe, ya faɗo ya ruguza madafa. Allah ya sa ba kowa a ciki. Tamu, jami'in gandun daji na garin, ya zo ya ƙwanƙwasa gindin da sanda, muka ji yana amsawa kamar ganga. Ya ce in ba a sare shi ba, damina ba za ta ƙare ba sai ya kwanta a kan ɗakin kwana.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Sabi ya shigo yana washe baki.

"To, uwar doka! Yau za mu gani. An ce wanzami ba ya son jarfa."

"Wannan wanzamin zai miƙa fuskarsa," in ji Bona. "Gobe ka wasa zartonka, amma kada ka taɓa ko ganye sai ka ga takarda a hannuna."

Washegari ta bi layi a ofishin magajin gari kamar kowa. An ce ta shigo ta gaba, ta ƙi. Da aka zo zaɓen wurin dashe, sai ƙuri'a ta faɗa mata a filin tashar mota. Wani a cikin layin ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Kowa ya san filin tashar. Jar marmara ce tsantsa, sau uku ana dasa itace a wurin, ko ɗaya bai kai ga kaka ba. Tamu ya ce mata a hankali, "Inna, zan iya sauya miki da bakin rafi." Ta ce, "Wanda ya zo bayana, shi ma za ka sauya masa?" Ta karɓi takardarta.

Ranar da aka sare mangwaron ba ta tsaya ba. Ta zo shagona ta zauna a kan buhun ƙyallaye, muna jin kukan injin daga nesa. Da itacen ya faɗi ƙasa ta girgiza, ta rufe fuska da mayafi. Na ci gaba da taka keken ɗinkina. Ko Sabi ranar bai yi wasa ba. Ya yanke wani guntu mai lafiya daga gindin, ya sassaƙa mata kujerar tsuguno, ya ajiye a ƙofar ɗakinta ya tafi.

Muka dasa biyar a tashar, maɗaci uku, darbejiya biyu. Damina ta yi kyau, suka yi kore shar. Bona ta kewaye su da ƙaya saboda awaki. Da ruwa ya ɗauke, kullum da safe kafin ta hura wutar suya sai ta kai musu jarka biyu a ka. Amma da bazara ta tsaya, ruwan da ta zuba sai ya malale a kan marmara, rana ta shanye shi kafin hantsi. Ganye ya fara murɗewa. Cikin mako uku huɗu suka bushe ƙayau. Darbejiya ɗaya ce ta rage, ita ma da ganye kamar guda goma.

Tamu ya same ta a wurin suya, ya rage murya.

"Inna, ba sai an yi shela ba. Ni ke rubutawa. Ki sake dasawa kawai, ba wanda zai sani."

"Duk direban da ya shiga tasha ya ga busassun karare huɗu, ka ce ba wanda zai sani? Kai wa mai shela sunana. Ka ce ya ɗaga murya."

Ya kuwa ɗaga. Ranar kasuwa, da gangarsa, a gaban rumfarta ya tsaya ya ce Bona matar marigayi Woru ta kashe itatuwan gari huɗu, za ta sake. Kasuwa ta ɗauki sowa. Wata mai sayar da barkono ta ce, "Ashe mai dokar barci ma yana gyangyaɗi!" Bona tana juya cuku a mai, ba ta ɗago ba. Ni da ba sunana aka kira ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma Sabi ya zo gidan. Na zaci tsiya ya kawo, har na shirya masa amsa. Sai ya zauna ya ce, "Matar yaya, ni kaɗai ke da izinin yi miki dariya a garin nan. Yau na ji wasu sun taya ni, ban ji daɗi ba."

"To me ka kawo? Ta'aziyya?"

"Diga na kawo. Shekara ashirin ina tumɓuke kututture, na san abin da saiwa ke so. Ramin da kuka haƙa kasko ne, ba rami ba. Marmarar nan ɓawo ce kawai. In aka fasa ta, akwai ƙasa mai sanyi a ƙarƙashi."

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Amma da na haƙa masai a gidan shugaban tasha, haka na tarar."

Suka fara tun kafin damina. Sabi yana sara da diga, Bona tana kwashewa da kwano, ni ina zuwa in na tashi daga ɗinki. Ramin farko kwana shida ya ci. Digar tana buga dutsen tana tartsatsin wuta, tafin hannun Sabi ya yi bororo ya fashe. 'Yan acaɓan tashar suna zaune a kan baburansu cikin rana, suna kallo suna tsokana.

"Baba Sabi, rijiya ce ko kabari?"

"Kabarin ubanka ne, zo ka gwada tsawon!"

A rana ta shida, ramin ya kai ƙugun Sabi, sai digar ta nutse ba ƙara. Ya sunkuya ya damƙo ƙasa, baƙa, mai laima, ya miƙa wa Bona. Ta murza ta a hannu, ta shinshina, sai ta rangaɗa guɗa. Duk tashar aka waiwayo.

Bayan wannan 'yan acaɓan suka daina dariya. Shugabansu Gunu, wani dogo mai tsagen fuska, ya sauko daga babur ya ce, "Inna, in itacen nan ya yi inuwa, wa zai zauna a ƙarƙashi?"

"Wanda ya sha wahalarsa."

Ya juya ga mutanensa ya ce, "Kun ji ko?" Daga ranar, duk wanda ba shi da fasinja sai ya karɓi diga. Ragowar ramuka uku cikin kwana biyar aka gama su. Darbejiyar da ta rayu ma aka fasa mata dutsen ta gefe. Muka cika ramukan da ƙasar tsohon juji da kashin shanu, muka dasa sababbi huɗu a madadin waɗanda suka mutu.

Dabarar tulu kuwa ta Bona ce. Ta lura randar ɗakinta kullum gindinta a jiƙe yake, ko da bazara. Sai ta je wurin masu ginin tukwane ta roƙi tulunan da suka yi tsaga, waɗanda ba sa sayuwa. Kowace bishiya aka binne mata tulu ɗaya a gefe, baki a waje, aka rufe da kasko. A cika shi sau ɗaya, ya yi kwana huɗu yana tsatsa a hankali a wurin saiwa, rana ba ta ganin ruwan balle ta sha.

Rani na farko ya wuce, biyar suna tsaye. 'Yan acaɓa suka raba su a tsakaninsu, kowane rukuni da tasa, har da sunaye. Wanda ya dawo daga unguwar rijiyar burtsatse sai ya ɗauro jarka. Rani na biyun ne ya so ya ba mu tsoro. Ruwa ya yi jinkiri har wata guda, rijiyoyi suka ja baya, Bona kuma ciwon baya ya kwantar da ita mako biyu. Tana kwance tana tambayata, "Bake, kin leƙa tasha?" Na leƙa. Na tarar wani ɗan bijimi ya karya shingen maɗaci ɗaya ya cinye kan itacen, Gunu da mai bijimin suna shirin dambe. Ban gaya mata ba. Sabi ya gyara wurin cizon da wuƙa, ya shafe shi da laka. Kwana goma sha biyu muna zuwa muna duba sandar nan. A na sha uku ta fito da tofo biyu jajaye.

Da ruwan farko ya sauka, Tamu ya sa ranar dubawa. Ba a gayyaci kowa ba, amma tashar ta cika. Matan kasuwa suka rufe rumfuna suka zo, har da mai barkonon nan. Bona ta sa zanen da na ɗinka mata, ta zo tana dogara sanda.

Tamu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana kama reshe, ya kankare ɓawo da farce ya ga kore, sai ya ɗaga yatsa. Jama'a suna ƙirgawa tare da shi. Ɗaya! Biyu! Darbejiyoyin sun riga sun wuce rufin rumfar tasha. Uku! Huɗu! Da ya zo kan wanda bijimi ya ci, ya tsaya ya daɗe yana dubawa, don ya fi sauran gajarta. Gunu ya ce, "Ranka ya daɗe, gajere ma mutum ne!" Aka fashe da dariya. Tamu ya kankare, ya ɗaga hannu duka.

"Biyar!"

Ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba. Babura sama da talatin suka danna oda lokaci guda. Mata suna guɗa. 'Yan acaɓa suka ɗora Bona a bayan babur ɗin Gunu, suka zaga da ita tasha sau uku, tana riƙe da ɗankwalinta tana ihu a sauke ta, bayanta zai ɓalle. Sabi kuwa rawa yake da diga a kafaɗa, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da shi, "Matata ce! Ni na koya mata!"

Tamu ya sa hannu a takardar sallama ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ba ni ta ce in karanta da ƙarfi, na karanta. Sannan ta ce masa a gaban kowa, zaman majalisa mai zuwa za ta nemi a ƙara layi ɗaya a dokar: duk wanda aka ba shi wuri mai marmara, gari ya ara masa diga, a kuma nuna masa yadda ake binne tulu. An ƙara layin kafin damina ta yi nisa.

A gidanta muka ƙare. Aka kirɓa sakwara turmi uku, aka yi miyar kuɓewa da cuku, 'yan acaɓa suka ci har suna kwance ɗamara. Muna cikin ci wani mai gyaran rediyo ya yi sallama, takarda a hannunsa. An ba shi izinin sare tsamiyar da ta tsaga masa katanga, kuma shi da bakinsa ya roƙi a ba shi gefen tasha na yamma. Ya zo tambaya ne ko zurfin ramin zuwa ina.

Sabi ya lashe yatsunsa ya miƙe, ya dafa ƙugunsa ya ce, "Zuwa nan. Amma zauna ka ci tukuna, aikin ba na mai yunwa ba ne."