Jirgin Fatakwal Bai Wuce Ba

Baba Kumai ya ƙare ƙarfinsa yana tsaron mashigar jirgin ƙasa a Kafanchan da jar tuta a hannu, har Reluwe ta sallame shi. Tsufa ya kwashe masa sunayen 'ya'yansa, ya kwashe masa hanyar coci, amma ya bar masa kukan jirgi. Da ya ji shi daga nesa, sai ya miƙe yana neman hularsa.

'Ya'yansa maza suna Kaduna, kuma sun ƙware wajen aiko da gaisuwa. 'Yarsa Afiniki ce ke yi masa wanka, ta ba shi kunu a baki, ta kulle shi a ɗaki yana buga ƙofa, sannan ta ruga asibiti inda take wankin zannuwan gado. Kullum a makare take isa, kuma a gajiye tun kafin ta taɓa bokiti. Sista Emilia, shugabarta, ba muguwa ba ce, ita ma gajiya ta yi.

"Afiniki, in kin sake makara, ki yi zamanki a gida. Marasa lafiya ba za su kwana cikin jini saboda babanki ba."

Washegari Afiniki ta gama komai da wuri, har ta sa rigar aiki. Ruwa kawai ta je ɗebowa a famfo, ta manta da sakata. Tana dawowa, Uzoamaka mai ƙosai ta ɗaga mata murya.

"Babanka ya fita fa! Ya bi hanyar layi!"

Ta same shi inda 'yan kasuwa ke tsallake layin dogo, ba takalmi, tsaye dab da ƙarfen, ya ɗaga jan ɗankwalinta na zuwa coci. Ta kama hannunsa. Tsohon da cokali ke gagara ya fizge kamar saurayi.

"Baba, mu tafi gida."

"Jirgin Fatakwal bai wuce ba."

Kowa a garin nan ya san jirgin Fatakwal. Yana iya zuwa yanzu, yana iya zuwa da yamma, yana iya fasawa. Ta roƙe shi da Hausa, ta roƙe shi da yaren gida, ta yi masa tsawa har mata suka juyo suna kallo. Haushi ya cika ta, kunya ta biyo baya. Rana ta ɗaga, ta san an riga an tara zannuwa a bakin famfon asibiti.

Ya dubi rigarta daga sama har ƙasa, da tausayi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa.

"Ke yarinya, ba ki da aiki ne? Ki tafi, kada a kore ki. Ba a wasa da aiki."

"Na sani, Baba."

Ta zauna a kan tsakuwa kusa da ƙafarsa, ta naɗe bakin rigarsa a hannunta da kyau, suka ci gaba da jiran jirgi.