Ciyawar Da Ba A Takawa

Motar ta tsaya a ƙofar gida tun Umma ba ta gama shan shayi ba. Babbar mota ce mai buɗaɗɗen baya, cike da shebur da diga da baro, ga leburori zaune a kan kayan. Wata matashiya ce ta fara saukowa, da takalmin roba har gwiwa. Ta yi sallama, ta russuna ta gaishe ta.

"Umma, ni ce injiniyar kamfanin gyaran farfajiya. Babban ɗanki ne ya turo mu."

Umma ta san da zuwansu, amma sama-sama. Babba ya kira ta a waya ya ce, "Umma, filin gidan nan ya tsufa. Zan sa a gyara miki shi, ke dai ki zauna ki sha kallo." Ita a zatonta shara za a yi, a toshe ramukan da ruwa ke kwanciya. Tun rasuwar mahaifin 'ya'yanta ita kaɗai ce a gidan, sai kajinta, sai 'yan barkono da tumatir da ta shuka a bayan kicin. Babba yana can da iyalinsa a wani gari, Auta tana ɗakin mijinta, na tsakiya kuwa sai a waya.

Injiniya ta zagaya da ita, tana bayani a hankali kamar mai lallashin majinyaci.

"Gara in faɗa miki tun yanzu. Farkon aikin nan ba shi da daɗin gani. Za a yi ƙara, za a yi ƙura, za mu haƙa ramuka mu binne bututun ruwa da wayar fitilu. Duk gidan da muka shiga, kwanakin farko masu gida tsine mana suke yi a zuci. Sai an kawo baƙar ƙasa an baje, an shimfiɗa ciyawa, sannan a fara gaisawa da mu."

"To ni ina zan riƙa bi in fita?"

"Za mu sa miki katako. Kajin kuma sai dai a kai su wani wuri."

Wani lebura yana biye da su da gwangwanin jan fenti. Duk abin da Injiniya ta nuna, sai ya shafa masa. Ya shafa wa akurki, ya shafa wa dakalin wanki, ya shafa wa turakun shanya. Da suka iso gindin gwaiba, Umma ta riƙe hannunsa.

"Kai, tsaya. Wannan ta girme ka."

Injiniya ta ce saiwarta ta fara tsaga katanga, kuma a zanen da aka amince da shi, nan ne wurin ajiye mota.

"Motar wa? Ni ko keke ba ni da shi."

Aka kira Babba. Ya yi dariya ya ce, "Haba Umma, gwaibar da jemagu suka fi ki ci? Za a dasa miki waɗanda suka fi ta kyau." Yana cikin taro, in ji shi, zai kira daga baya. Kafin azahar gwaibar tana ƙasa. Umma ta shige ɗaki ta ja labule, amma ƙarar zarton har cikin haƙoranta take jin ta.

Kajin suka koma gidan maƙwabciya. Fili ya zama kamar an yi yaƙi a cikinsa. Ramuka ta ko'ina, tulin yashi ya toshe tagar falo, ƙura har cikin kwanukan da ke kabad. Wata rana diga ta fasa tsohon bututu, ruwa ya malale har bakin ƙofa, gidan ya wuni ba ko ɗigo a famfo. Injiniya ta zo da kanta tana ba da haƙuri, ta sa aka kawo jarkoki.

Abin da Umma ba ta zata ba shi ne za ta saba da su. An daɗe rabon gidan da hayaniyar mutane. Ta fara dafa musu shayi da babbar tukunya, tana aikawa a sayo burodi. Akwai wani dogo da suke kira Sarkin Hutu, wanda ba a taɓa ganinsa ba sai a jingine da shebur. Umma ta ce masa, "Kai dai shebur ɗin nan ya kamata a biya, shi ke ɗauke da kai." Aka kwashe da dariya, daga ranar duk wanda ya gaji sai ya ce bari ya je ya taya shebur tsayuwa.

Sannan ciyawa ta iso, a nannaɗe kamar darduma. Umma ta tsaya riƙe da haɓa tana kallo ana warware ta ana jerawa, ana bi da wani ƙarfe mai nauyi ana dannewa. Da safe fili jajir, da yamma kore shar. Aka jera duwatsu aka yi 'yar hanya, aka dasa furanni a gefen katanga da wasu ƙananan itatuwa da aka ɗaure wa sanduna. Da Injiniya ta murɗa wani maɓalli, ruwa ya ɓullo daga ƙasa yana juyawa yana feshi, Umma ta ja da baya tana salati, sai kuma ta kama dariya har da hawaye.

"Yanzu saura naki aikin, Umma," in ji Injiniya. "Kada kowa ya taka ciyawar nan sai ta kama ƙasa. Ruwa da sassafe, ba da tsakar rana ba. In kin ga wani wuri ya yi rawaya kada ki tsorata, gigin dashe ne."

Umma ta sa aka nuna mata maɓallin har ta iya. Ta tambayi yaushe itatuwan za su yi inuwa. Aka ce sai nan da 'yan shekaru.

"Allah ya nuna mana," ta ce. A ranta har ta zaɓi wanda za ta riƙa zama a ƙarƙashinsa.

Ta riƙe ciyawar kamar jaririya. Ta hana jikokin maƙwabciya shigowa da ƙwallo. Ita kanta ta bakin duwatsu take bi, tana ɗaga zani. Ta kira Babba ta sa masa albarka, ta ce ta yafe gwaibar. Ya ce, "Amin, Umma."

Ciyawar ta kama sosai ranar da wani mutum ya yi sallama da kyamara a wuya. Ya ce ɗanta ne ya ce ya zo ya ɗauki hoton gidan. Umma ta ji daɗi, ta shiga ta canza mayafi. Da ta fito ta tarar ya kwance igiyar da ta ɗaura a baranda, ya tura butarta da kujerarta bayan ƙofa.

"Mama, don Allah ki ɗan shiga ciki, minti kaɗan."

"Ba da ni za a ɗauka ba?"

"A'a, ai masu saye ba sa son ganin mutum a hoto. Sun fi so su ga gida kamar ba kowa."

"Masu sayen me?"

Mutumin ya sauke kyamarar. Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce shi dai dillali ne ya aiko shi, wataƙila kuskuren adireshi ne. Amma bai tafi ba. Ya jira ta shiga, ya ɗauki hotunansa.

Da ta kira shi a waya, Babba bai musa ba.

"Umma, da ma ina neman lokacin da ya dace in faɗa miki. Gidan ya yi miki girma. In kika faɗi wa zai sani? Mun zauna mu uku mun yi shawara. Dillali ne ya ce yadda filin yake ba mai taya shi da daraja, sai an gyara."

"Ku uku."

"Rabonki yana nan, ba mai taɓa shi. Ga ɗaki na ware miki a wurina."

"Da ka ce in zauna in sha kallo, kallon wannan kake nufi?"

"Umma, don Allah kada ki ɗauke shi haka."

Ta kashe wayar ta kira Auta. Auta ta fashe da kuka tun kafin a tambaye ta, ta ce Yaya ne ya ce kada a faɗa sai an gama, don kada Umma ta hana ma'aikata shiga.

"Da na hana kuwa," in ji Umma.

Ta kira Injiniya ita ma, ba don faɗa ba, don ta ji. Yarinyar ta ce a takardar aikin an rubuta gyaran sayarwa ne, ita ta ɗauka Umma ta sani, da ta fahimci ba ta sani ba kuma sai ta rasa bakin faɗa.

"Amma kika tsaya kina koya mini ban-ruwa."

"Ki yafe ni, Umma."

Masu dubawa suka fara zuwa. Suna tafiya a kan ciyawar da takalmansu, suna leƙa ɗakin kwananta, suna buɗe kabad. Wata mata ta ce kicin ɗin ya yi ƙanƙanta, amma farfajiyar ta burge ta. Umma tana zaune a gefen gado da carbi, tana amsa gaisuwa. Duk da haka kullum da sassafe sai ta fita ta murɗa maɓallin, don ba ta iya kallon abu mai rai yana ƙishirwa.

Ba a daɗe ba aka sami mai saye. Kajin ta bar wa maƙwabciya. Kayan ɗakinta rabi aka rabar, don ɗakin da Babba ya ware mata a hawa na uku yake, gado da kabad ɗaya suka cika shi. Tagarsa tana kallon bangon wani bene. Gwiwoyinta ba sa son matakala, saboda haka sai ta yi sati ba ta sauka ba. Surukarta ba ta rage ta da komai ba, abinci a kan lokaci, magani a kan lokaci.

Wata rana suna cin abinci, Babba yana ba wani abokinsa labari, ya ce gyaran farfajiyar nan shi ne dabarar da ta fi kowace, ko wata biyu gidan bai yi a kasuwa ba. Abokin ya ce zai karɓi lambar kamfanin. Sai abokin ya juyo ya ce, "Umma, an ce ke kika kula da ciyawar har ta kama. Sannu da ƙoƙari."

"Yawwa," ta ce.

Ta ture farantinta, ta dafa tebur ta miƙe. Babba ya ce ba ta ci komai ba. Ta ce ta ƙoshi, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.