Tafinta Ya Nemi Tafinta

"Ki gaya wa 'yarki ta janye akwatinta daga bakin ƙofa, zan wuce."

Mama ta ajiye kofin shayi, ta juya wajen Lauya, wadda ke tsaye dab da mahaifinta har tana jin ƙamshin sabulun askinsa. "Babanki ya ce akwatin nan ya yi nauyi, kada ki ji ciwo wajen ɗauka."

"Ban ce haka ba," in ji Baba, yana kallon bango.

"Mama, ina da kunne fa," in ji Lauya. Ta ja akwatin gefe.

Haka gidan ya koma tun ranar da ta zaunar da su ta faɗa musu ta bar karatun shari'a, alhali saura shekara guda ta gama, za ta bi ƙungiyar mishan zuwa wata ƙasa mai nisa inda suke da ƙaramin asibiti da makaranta, ta yi aikin bishara. Baba bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai rufe ƙofar magana tsakaninsa da ita, ya miƙa wa Mama makullin. Abin dariyar shi ne, mutumin nan tafinta ne a kotu, a kan wannan aiki gashinsa ya yi fari. Yau ga shi a gidansa ya ɗauki tafinta, kuma wadda ya ɗauka ba ta san amanar aikin ba ko kaɗan. In ya ba ta barkono, zuma take isarwa.

Shi ne ma ya laƙaba wa yarinyar Lauya tun tana 'yar firamare, saboda ko wanka aka ce ta yi sai ta nemi dalili. Sunan ya bi ta har ya danne na yanka.

Baba ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗauki jakarsa. "Ki gaya mata ina da zama a kotu yau."

"Ya ce ya so ya raka ki filin jirgi, aiki ne ya..."

Ƙofa ta rufu kafin Mama ta kai aya.

Lauya ta tsaya tana kallon ƙofar. Zuciyarta ba ta rawa a kan tafiyar. Ba haske ta gani a sama ba, ba murya ta ji a mafarki ba. Ta dai lura da kanta ne: ranar lacca jan ƙafa take yi kamar an ɗaura mata dutse, ranar aikin sa-kai a ofishin mishan kuwa ita ke riga mai gadi zuwa. Ta yi addu'a a kai har ta gaji da tambayar abin da ta riga ta san amsarsa. Tikiti yana jakarta, jirgi da yamma ne, kuma da ita zai tashi. Abu ɗaya take nema, kuma ba ta son ta tafi babu shi: mahaifinta ya dube ta ya sa mata albarka da bakinsa, ba ta bakin kowa ba.

"Mama, ɗauko gyalenki."

"Ina za mu? Ai da sauran lokaci."

"Kotu. Zuwa da kai ya fi aike."

A bas, kwandasta ya ɗaga akwatin ya yi nishi, ya tambaya ko bulo aka zuba a ciki. Mama ta ce littattafai ne da magunguna, ya ce to Allah ya ba mai karatun lafiya. Duk hanya Mama tana nasiha, wai a bi Baba a hankali, namiji ne mai zuciya, ciwon abin ne ke cinsa. Lauya tana gyaɗa kai tana shirya hujjojinta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mata a aji. Ta tabbata yau ba ta da abokin karawa.

Masinjan kotu, wani dogon dattijo da ya san ta tun ana kawo ta a goye, ya hango su a baranda. "A'a, Lauya da kanta! Yaushe za ki sa baƙar riga ki zo ki ƙwace mana kotun?"

"Na bar karatun, Kawu. Aikin mishan zan tafi, yau ɗin nan."

Ya buɗe baki, ya dubi akwatin, ya dubi ƙofar ɗakin shari'a. "Shi ya sa," ya ce a hankali. "Na ce mutumin nan kwanan nan ko gaisuwa a taƙaice yake amsawa."

Mama ta zauna a benci da akwatin, Lauya ta shiga ta raɓe a layin baya. Fankar sama tana juyawa da ƙara, ba ta korar zafi sai takardun magatakarda. Shari'ar gado ake yi. Wata tsohuwa ce ke ba da shaida, 'yar ƙarama, ta riƙe katakon akwatin shaida da hannu biyu, ba ta jin harshen kotu ko kalma ɗaya. Baba yana tsaye a gefenta, ya ɗan ja da baya, idonsa a ƙasa. Tsohuwa ta yi magana, ta tsaya. Sai ga muryar Baba, mai kauri, ta cika ɗakin.

"Ni ce matar marigayin. Ni na yi jinyarsa har ya cika."

Lokacin da Lauya take yarinya, wannan ne ke ba ta dariya: ƙaton mutum da gashin baki yana cewa ni ce matar wane. Wata rana a hanyar gida ta tsokane shi a kai, sai ya ce, "Yi dariyarki. Ni kullum bakin wasu nake. Ke kuwa wata rana can za ki tsaya, cikin baƙar riga, ki faɗi maganar kanki, ni in fassara." Ta manta da wannan magana sai yanzu. Ta ji tausayinsa sosai, amma tausayin bai taɓa shawararta ba.

Da alƙali ya ba da hutu, Lauya ta riga mahaifinta fita. Baba ya fito yana goge wuya da hankici, ya gan su a benci, ya ga akwatin. Ya tsaya cak, sannan ya ƙaraso ya tsaya a gaban Mama.

"Ki tambaye ta me ya kawo ta wurin aikina."

"Ya ce sannu da zuwa."

"Mama," in ji Lauya, ta miƙe tsaye, "ki gaya masa, kuma don Allah ki faɗa yadda na faɗa." Ta ja numfashi. "Ki ce, duk da na san irin wahalar da ya sha a kan karatuna, wadda ba zan taɓa musantawa ba, kuma duk da cewa mai kallo daga waje zai iya ɗauka gudu na yi, alhali ilimin da na samu ba zubar da shi zan yi ba tunda can ma akwai waɗanda ba su da mai tsaya musu, to idan aka yi la'akari da cewa shi da kansa ne ya koya min kada in yi aikin da zuciyata ba ta ciki, kuma idan aka haɗa da cewa..."

Ta yi ta zubawa. Magatakarda ya wuce da fayil, ya rage sauri don ya ji ƙarshen jimlar, ya gaji ya tafi. Da ta dire, Mama ta ƙifta ido, ta dubi mijinta.

"Ta ce... tana ƙaunarka."

"Wannan ba fassara ba ce!" Baba ya buga jakarsa a cinya. "Wannan cin amanar aiki ne! Tun da aka fara abin nan kike yi min haka, ina ji ina haɗiyewa." Ya numfasa. "Amma na yau ba laifinki ba ne. Wa zai iya ɗaukar wannan kaya? Magana ba kai ba gindi, kamar igiyar guga." Sai wani tunani ya faɗo masa, ya haɗe gira. "Ki tambaye ta. Can inda za ta, tana jin harshensu?"

Lauya ba ta jira Mama ba. "Ba na ji. Za su haɗa ni da tafinta har in koya."

Baba ya zauna a bencin kamar an zare masa ƙashin baya. Ya dubi takalmansa. Sannan ya girgiza kai.

"Da wannan bakin za ta je ta kashe ɗan mutane. Wani bawan Allah yana can yana zaman zamansa, bai san abin da jirgi zai sauke masa ba." Ya juya ga Mama, ya ɗaga yatsa. "Ki gaya mata, magana ta bakin tafinta loma-loma ake ba da ita. Ta faɗi kaɗan, ta tsaya, ta bari ya haɗiye."

"Ya ce ki riƙa..."

"Ki gaya mata ta bar karin magana a gida. Karin magana ba ya tsallake iyaka, a hanya yake mutuwa. In ta ce kome nisan jifa, tafinta zai tsaya neman dutsen."

Masinja, wanda ya laɓe kusa da taga kamar yana duba wani abu, ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Ki gaya mata, in ta ga mutane sun yi dariya inda ba ta yi wasa ba, kada ta tsawata masa a gaban jama'a, ta bari sai sun keɓe. Ta riƙa ba shi ruwa, maƙogwaro ba ƙarfe ba ne. Ta san sunansa, ta san sunan 'ya'yansa. Akwai waɗanda na yi shekaru ina zame musu baki, ko sunana ba su taɓa tambaya ba."

Lauya ta koma ta zauna a ɗaya gefen Mama. Hujjojin da ta jero a bas duk sun watse, kuma ba ta yi kewarsu ba. Tana sauraro, tana jin daɗi yana ratsa ta, don ta san mahaifinta: ba ya wasa wuƙar da ba ya so a yi aiki da ita.

"Na ƙarshe," in ji Baba, muryarsa ta koma irin ta ɗakin shari'a, "shi ne babba. Ki gaya mata kada ta kuskura ta kalli tafinta in tana magana. Wanda kake magana da shi, shi kake kallo a ido. Tafinta ba kowa ba ne a wurin, hanya ce kawai. Duk wanda ka ga yana kallon tafinta yana cewa ka gaya masa, ka gaya masa, to ɗayan biyu ne: ko girman kai, ko tsoro."

Mama ta gyara zama. Ta naɗe hannu a ƙirji. A karon farko tun da aka ɗauke ta wannan aiki, ta maimaita maganar kalma da kalma, ba ragi ba ƙari, har da kaurin muryar. Sai dai ba 'yarta take kallo ba. Mijinta take kallo.

"Ko girman kai," ta ce, "ko tsoro."

Masinja ya ga ashe yana da aiki a wani wuri. Baba ya sunkuyar da kai. Ya ninke hankicinsa, ya sake ninkewa, har ya koma ɗan mitsitsi. Sannan a hankali, kamar mai ciwon wuya, ya juya kansa ya tsallake Mama da ido.

"Lauya."

"Na'am, Baba."

"Tsoro ne." Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Na san in na dube ki ba zan iya cewa a'a ba. Tun kina ƙarama ban taɓa cin ki a musu ba."

"Ban zo musu ba, Baba."

"Ban so tafiyar nan ba. Har yanzu ban so ba."

"Na sani."

"Kuma za ki tafi."

"Zan tafi."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka karanta wa hukuncin da ya riga ya hango. Ya miƙa hannu ta gaban Mama ya ɗora a kan 'yarsa. "To Allah ya kai ki lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya sa a ji ki."

"Amin, Baba," ta ce, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"To ni an sallame ni daga aiki ke nan?" in ji Mama, tana jan hanci da bakin gyale. "Ko sannu babu?"

Daga ƙofar ɗakin shari'a masinja ya leƙo. "Tafinta! An koma!"

Baba ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa. Akwatin yana kan hanyarsa. Ya kama hannun don ya matsar da shi gefe, ya ɗaga, ya dire da sauri. Ya dubi Lauya, ita kanta, ido cikin ido.

"Akwatin nan ya yi nauyi. Kada ki ji ciwo wajen ɗauka."

"Ai tun da safe na faɗa mata," in ji Mama.