'Yar Fari a Ajin Uwarta

Ni ce mai kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar 'yan mata da ke kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Sunana Kande, kuma kowa ya san ba na iya ganin abu in haɗiye. Shi ya sa ranar da Ikram ta same ni ina goge tebura, ta ce tana so in raka ta wajen shugabar makaranta a canja mata aji, ban yi wata kwana-kwana ba na tambaye ta dalili.

"Anti, gajiya na yi," ta ce, idonta a ƙasa. "Tun da aka shiga zangon nan nake ɗaga hannu, ko sau ɗaya ba a ce in tashi ba. In na yi daidai shiru, in na yi kuskure shiru. Gara in koma inda za a san ina nan."

Malamar da take nufi ita ce Malama Uwani mai koyar da labarin ƙasa, kuma ita ta haife ta. Ikram 'yar farinta ce. A gidan da Uwani ta tashi a Dala kuwa, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a zama a yi hira da shi a gaban mutane. Tun daga yaye kakar yarinyar ta ɗauke ta. Uwani ta yi digiri, ta fi ni iya latsa waya, amma wannan al'ada ta riƙe ta gam. Ko littafi za ta mayar wa Ikram, sai ta ce, "Nana, miƙa wa ta kusa da ke."

Raina ya ɓaci, domin canjin ajin na nufin yarinyar ta bar labarin ƙasa gaba ɗaya, darasin da ta fi so a duniya. Na ce ta yi haƙuri zuwa Alhamis.

Abin dariyar shi ne, Uwanin nan ce ta kawo mana salon koyarwar da ya tashi 'yan ajin daga gyangyaɗi. Ta daina cika allo da rubutu a kwafa. Tambaya guda take zuwa da ita, ta raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwamfutarsa, ta nuna musu shafukan intanet biyu ko uku da za su fara da su, sauran kuma su nemo da kansu. Ta kafa doka mai tsauri: wadda ta gano abu ita za ta tashi ta kare shi, malama kuma ta tsare ta da tambayoyi har sai an ga ƙarshen saninta. Yaran da a da sai an kora su ɗakina, yanzu sai na kore su.

Tambayar wannan makon ita ce, me ya sa ruwa ke kwanciya a lungunan cikin gari duk damina, alhali tsofaffi sun ce a da bai kai haka ba? Wasu suka kama maganar shara a magudanai, wasu canjin yanayi. A rukuni na huɗu kuwa, Ikram ta gano yadda ake mayar da hoton tauraron ɗan'adam baya, a ga unguwa yadda take shekarun da suka wuce. Ina tsaye a bayanta tana ja, sai ga baƙaƙen tabo a tsakanin gidaje suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, rufin kwano yana maye gurbinsu. Kududdufai ne aka cike aka yi gini a kai.

Ranar Laraba Uwani ta shigo ɗakina tana wasa da bakin mayafinta.

"Kande, gobe ki taimaka ki yi wa rukuni na huɗu tambayoyi. Zan ɗan leƙa ofis."

"Wane ofis? Ni waya da soket na sani. Ke kika kafa doka, ke za ki bi abarki. Ashe da gaske wanzami ba ya son jarfa."

"Ke dai ba ki da ta ido."

"Ba ni da ita. Kin san ta nemi a canja mata aji?"

Ba ta sani ba. Ta tsaya cak, ta dube ni, ta fita. Na ji tausayinta, amma ban bi ta ba.

Ranar Alhamis rukunoni uku suka yi bayani, Uwani ta wanke su da tambayoyi kamar yadda ta saba. Da aka zo na huɗu, Ikram ta miƙe gefen kwamfuta, ta nuna hotunan. Uwani ta juya ta fuskanci taga, sai ka ce tagar ce ɗalibar.

"Nana, a tambaye ta, yaya aka yi ta san kududdufai ne ba inuwar gini ba?"

'Yan aji suka fara ƙunshe dariya, na zare musu ido. Ikram ta ce ta gwada hoton damina da na rani, tabon yana faɗi da damina yana tsukewa da rani, inuwa kuwa ba ruwanta da damina. Aka sake cewa a tambaye ta, ta sake amsawa. Daga nan ta ce a lungun kakarta kaɗai, ruwan da ke gangarowa daga wajen dutsen Dala kududdufai uku yake faɗawa a da.

"Biyu ne," in ji Uwani da sauri. "A lungun nan na tashi."

"Uku ne, Malama."

Uwani ta baro tagar nan, ta ratsa tebura, ta jawo kujera ta zauna daf da yarinyar har kafaɗunsu na gugar juna.

"Nuna min."

Ikram ta ƙara girman hoton. Ga shi nan ɗan ƙarami, katangu sun kewaye shi, ba ya kan hanyar kowa.

"Na bayan gidan Baba Shehu magini!" Uwani ta buga tebur. "Inda suke ɗiban ƙasa. Wallahi na manta da shi, don hana mu zuwa ake yi. To ke, yanzu da aka cike shi, ina ruwan yake bi? Kin duba gangaren?"

Ta duba. Uwa na jefa tambaya, 'ya na cafewa, wani wurin su yi gardama, wani wurin su ce a sake bincikawa. Sauran yaran suka taso suka yi musu rumfa, kowa na neman a nuna mata lungunsu. Aka kaɗa ƙararrawar tara, ba wadda ta fita sayen awara. Ni kuwa ina gefe, daɗi ya cika ni kamar ni na haifi su biyun.

Can Uwani ta farga da inda take zaune. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce da 'yan aji, "Kun dai ga yadda ake bincike." Da ta zo wucewa ta bakin ƙofa, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kande, 'yar nan taki ta iya."

Idonta ya ciko, don haka na ƙyale ta, ban tsokane ta ba.

Da aka tashi na tare Ikram tana haɗa jakarta, na ce ta zo mu je wajen shugabar makaranta kamar yadda muka yi.

"Mu yi me, Anti?" ta ce, bakinta ya ƙi rufuwa. "An ba ni aiki. Ta ce in binciko na wajen Ƙofar Nassarawa kafin Litinin. Ni ta kalla ta faɗa wa, Anti. Ni da kaina."