Harajin Tsallaken Titi

Marlene Puckett ta tura kujerar motar baya, ta ɗora kwamfuta a cinya, amma sitiyari bai daina tokare mata hannu ba. Ta faka ne a bayan wani shagon tayoyi, ɓangaren Tennessee. Gidan mahaifinta yana tsallaken babban titi, a ɓangaren Virginia. Haka garinmu Bristol yake, titi ɗaya ya raba shi jiha biyu, kuma ban san wanda abin ya taɓa hana barci ba sai ita a wannan makon.

Aikinta shirya takardun kuɗin asibiti ne ga wani ƙaramin kamfani da ke Nashville, babban birnin Tennessee, kuma daga gida take yi. Ɗakin hayarta yana Tennessee, inda jiha ba ta taɓa albashin kowa, abin da Marlene ba ta gajiya da yi wa dangi gori a kai. Da ɓarin jikin mahaifin nata, Baba Orval, ya shanye a bazara, sai ta kwashi kwamfutarta ta koma teburin kicin ɗinsa, don ɗakin nata a hawa na uku yake, tsohon ba zai iya matakala ba. Ba ta gaya wa kowa a ofis ba. A ganinta, me za a faɗa game da tafiyar da ba ta kai shan kofi ɗaya ba?

Sai ga saƙo daga Tamika Rollins, mai kula da ma'aikata, cewa tana son su yi magana yau a kan wurin da take aiki. Kowa a kamfanin ya san labarin abokin aikinsu da ya koma jihar Georgia a ɓoye, hukumar harajin can ta biyo kamfani, aka sallame shi. In an kore ta, babu albashi. In an ce ta koma ɗakinta, sai dai a kai Baba gidan kula da tsofaffi, wurin da ya rantse gara a kai shi maƙabarta kai tsaye.

Shi ya sa take zaune a mota da sanyin safiya. Idan Tamika ta tambayi inda take, za ta ce Tennessee, kuma ba ta yi ƙarya ba. Dabara ce ta banza, ita ma ta sani, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta kira wayar tsohon ta bar ta a buɗe kusa da kujerarsa a gida, tana sauraron motsinsa ta tata wayar.

Da farko muryar mai hasashen yanayi kawai take ji a talabijin. Can ta ji jan ƙafa, sai ƙarar ƙarfe a ƙasa, sai wani abu mai nauyi ya biyo baya.

"Baba! Baba, kana ji na?"

Shiru. Ba ta san lokacin da ta tayar da motar ba. Ta tsallake titin da fitila ba ta gama ba ta hannu ba, wani mai akori-kura ya danna mata oda har da zagi, ba ta ko waiwaya ba.

Ta same shi a ƙasan kicin, ya jingina da kabad, dafaffen waken jiya ya malale ko'ina, burodin masara ya yi gefe guda. Ta ajiye kwamfutar a tebur, don ko a wannan ruɗanin hannunta bai manta da ita ba, ta durƙusa tana shafa kansa da ƙugunsa.

"Ina ke maka ciwo? Ka bugu a kai?"

"Ke, sake ni. Ba faɗuwa na yi ba, zama na yi."

"A cikin wake?"

"Gidana ne, inda na ga dama nan zan zauna." Ya harare ta da idon da ke buɗewa sosai. "Ke ina kika shiga? Na jira har na gaji, na ce bari in ɗumama abincina tunda an bar ni maraya."

"Ina tsallake, Baba. Na gaya maka ina da taro."

"Au, kin gudu wajen marowatan naki da ba sa biyan haraji."

Ta sa hannu a hamatarsa, ta ɗaga shi da ƙyar zuwa kujera. Babu inda ya karye. Tana cikin goge masa riga kwamfutar ta fara kira. Ta dubi ƙofa, ta dubi tsohon da ke haki yana ɓoye hakin, ta san ba za ta sake barinsa ba ko don wa. Ta amsa.

Fuskar Tamika ta fito, da gilashinta a kan hanci. "Marlene, lafiya? Wake nake gani a gashinki ko idona ne?"

"Wake ne."

"To, Allah ya kyauta. Ba zan yi kewaye-kewaye ba. A ina kike aiki yanzu?"

Amsar da ta kwana tana haddacewa tana bakinta, amma babu inda za ta ajiye ta a wannan kicin. "Virginia," in ji ta. "Gidan babana. Tun bazara nake nan. Jikinsa ya shanye, kuma ba ni da wanda zan bar masa."

Tamika ta cire gilashin ta sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. "Kin cece ni, 'yar'uwa. Wallahi da kin ce mini Tennessee, da yau na yi abin da ba na so. Masu kula da kwamfutocinmu sun daɗe suna ganin inda kike shiga."

"Na ɗauka irin na wancan na Georgia za a yi mini."

"Wancan? An yi ta tambayarsa yana rantsuwa yana Nashville, mutum yana bakin teku! Ƙaryar ce ta kore shi, ba ƙaura ba. Amma kada ki ɗauka kin sha. Sai mun yi rajistar haraji a Virginia saboda ke kaɗai, akantan kamfani tun jiya yake kuka kamar an yi masa mutuwa. Oga ya ce a ba ki gargaɗi. Harajin watannin baya ke za ki biya, kuma daga yanzu za a riƙa cire na Virginia a albashinki. Da kin buɗe baki tun farko, da aikin rabin wuni ne."

Marlene ta zauna a bakin kujera. Wani sanyi ya ratsa ta har ta ji hawaye. Ba a kore ta ba, kuma ba a ce ta koma ba.

"Wace ce ke yi miki faɗa a gidana?" Baba ya miƙo wuya.

"Ina kwana, Mista Puckett. Ya jiki?"

"Jiki da sauƙi. Na ji kin ce za a cire mata haraji? Ki cire da yawa, yarinya. Titin ƙofar gidana duk ramuka ne, ita kuma ta yi shekara da shekaru tana hawa kyauta."

Tamika ta yi dariya har ta riƙe baki. "An gama, ranka ya daɗe." Ta mayar da gilashinta. "Saura abu ɗaya, Marlene. Akanta yana son sanin na ɗan lokaci ne ko kuwa. Zuwa yaushe za ki zauna a can?"

Marlene ta san abin da zai kawo ƙarshen zaman nan, kuma ba warkewa ba ce, likita ya gaya mata tun a asibiti. Tamika ma ta gane abin da ta tambaya, ta sunkuyar da kai.

"Ki ce wa akantan ya gyara zama," in ji tsohon, yana tsintar ƙwayar wake daga hannun rigarsa. "Ba na sauri."

"Zan gaya masa haka," in ji Tamika a hankali, ta kashe kiran.

Marlene ta ɗauko tsumma ta durƙusa tana kwashe waken, Baba yana nuna mata inda ta tsallake. A ranta tana roƙon Allah ya sa ta daɗe tana biyan harajin nan.